Malamar Wasanni a Tashar Funtuwa

Hansai tana jiran motar Tsiga a tashar Funtuwa, amma idonta ya kasa barin matar da ke zaune kan akwatin ƙarfe a inuwar darbejiya. Doguwa ce, busasshiya kamar karan dawa, ga takalmin kambas da ta shafe da farin alli, ga usur a wuya inda wasu matan ke rataya sarƙa. Ko zaman ma a miƙe take yin sa. A gefenta akwai daro cike da kofunan gasa, tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana gogewa da bakin zane.

Ba sai an faɗa ba, malamar wasanni ce a wata kwalejin horon malamai mata, irin waɗanda ke tashin ɗalibai gudu da sanyin asuba har su ciwo gasa a Kaduna. Da alama korar ma'aikatan bana ce ta rutsa da ita, kuma ba wanda ya rako ta.

Can sai ga wata mai goyo ta nufo ta tana ɗingishi, ta durƙusa da ƙyar.

"Ina wuni, Malama? Roda ce, 'yar Gozaki. Ni ce gwiwata ta goce a tsere, kika ce in tashi in ƙarasa. Kin ga har yau ƙafar ba ta koma daidai ba."

Malamar ta dube ta sama da ƙasa, hannunta bai fasa goge kofin ba.

"Na gane ki," in ji ta. "Ke ce kika zo ta biyu."