Motar Baba Isufu Ta Yi Ɗumi

Jama'a, wallahi wannan da idona na gani, shekarun baya ina aikin kanikanci a wani gareji a unguwar Ard al-Liwa da ke Alƙahira. Akwai wani dattijo ɗan Damagaram, Baba Isufu, da ke kwana cikin tsohuwar bas irin ta 'yan yawon buɗe ido, mai gado a ciki. Ita ce ɗakinsa, ba shi da kowa a Alƙahira.

Da sanyi ya shigo sai motar ta ƙi silo, wato inji ba ya zama a kunne in tana tsaye, ka tayar ta yi kakari ta mutu, allurar zafi kuwa ko motsi, hita sai iska mai sanyi, ga tsohon da tarin da ke neman tsaga masa ƙirji. Na duba kafireto, lafiya lau, ashe tamostat ne babu, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwa har inji ya yi zafi. Shi ya cire da hannunsa.

"A gida haka muke yi, ɗana," in ji shi.

Na ce, "Baba, ai nan ba Damagaram ba ce, sanyin nan kisa yake."

Tamostat irin na motar ya yi wuya, na sha yawo kafin na samo. Ranar da na kawo da hantsi, tun daga nesa na ji tana silo sumul, gilasai sun yi gumi daga ciki. Baba Isufu ya sauke gilashi kaɗan, ɗumi ya bugi fuskata, ba tari ko ɗaya.

"Khalas, shi ke nan, ɗana, ta yi ɗumi. Ka huta."

Na yi murna har raina. Na ratsa wajen Bamisiren da ke sayar da shayi a lungun, ina ba shi labari, sai ya ajiye kofi ya ce ai tun jiya aka kai tsohon asibiti, can ya cika.

Na koma da gudu. Mota a kulle, shiru. Na ɗaga bonet, inji sanyi ƙalau kamar randa, batir ma an sace.

Inna lillahi! Har yau tamostat ɗin na cikin akwatina, na kasa sa wa kowa, kuma kewar tsohon ba ta sake ni ba. Don Allah in baƙo ya ce muku yana jin sanyi, ku fara kai masa bargo kafin ku tafi neman kayan gyara.