Aninin da Aka Wanke da Tsamiya

Tun ina saurayi nake fama da ciwon tara tsoffin kuɗi. Wasu tattabaru suke kiwo, wasu ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, ni kuwa nawa haukan shi ne sisi da taro da kwabo mai huji, kuɗin da yau ko ƙosai ba za su saya maka ba. Ina aikin ofis a nan Wurno. Mai ɗakina ta daɗe da sallama ni a kan wannan harka, iyakarta in ta ga na baje su a tabarma ta ce Allah ya shirya.

Da waya ta yawaita sai na gano ashe ba ni kaɗai ba ne. Muna da wani zaure a waya na masu irin ciwona, daga Sakkwato har Maiduguri. A nan ake ciniki: ka ɗora hoto, a taya, a turo maka kuɗi, ka ba direba saƙo. Doka ɗaya ce ba ma wasa da ita, wato ba a wanke tsohon kuɗi. Baƙin nan da ya yi shi ne shaidar shekarunsa. In ka dirje shi, rubutun jikinsa ya lafe, ya cika da ƙarce, darajarsa ta zube ke nan har abada. Duk wanda ya sayar da wankakke bai faɗa ba, a mayar masa da kayansa a fitar da shi daga zauren, babu roƙo babu ban haƙuri. Ranar da aka kafa dokar nan, muryata tana cikin waɗanda suka fi tashi.

To, wata shekara bayan kaka, sai wani sabon shiga ya ɗora hoton anini, ɗan ƙaramin kuɗin nan mai huji a tsakiya na zamanin Turawa. Irin na farko-farko ne, wanda na yi shekaru ina nema. A hoton ya yi duhu mai kyau, rubutunsa raɗau. Ban tsaya ciniki ba, kada wani ya riga ni. Na tura abin da ya faɗa, kuma wallahi kuɗin ba na wasa ba ne ga mai albashi irin nawa.

Saƙon ya iso ta hannun direban motar Sakkwato. Leda ce, a cikinta wani tsumma fes an ƙulle shi tamau. Na zauna a tsakar gida na kwance ƙullin, sai ga abu fari fat yana walƙiya kamar sabon cokali.

Na ce innalillahi. Na ɗauko gilashina na duba. Shi ne dai, ba a musanya ba, amma an ci masa mutunci. Ƙarce ko'ina. Sai na ji jini ya hau mini kai.

Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Kai, wanga ya yi kyau! Shi kaɗai na gani mai kama da kuɗi cikin tarkacenka."

Na ce, "Don Allah ki bar ni in ji da abu guda."

Nan take na haɗa hoton da mutumin ya ɗora da wanda na ɗauka, na watsa su cikin zaure. Kafin ka ce kwabo wuri ya kaure. Wannan ya ce ha'inci ne, wancan ya ce dama bai yarda da shi ba. Shi kuwa mai kayan abu ɗaya ya rubuta: "Ni na wanke. Ku yi haƙuri." Wannan ya ƙara tunzura ni, don ranar da ya shigo an karanta masa dokar, ya ce ya ji. Shugabanmu, wani dattijo mai sanyin hali daga Zariya, ya ce magana tana hannun mai saye. In na mayar da kaya, za a fitar da mutumin. In na riƙe, shi ke nan.

Na kira shi na ce ya faɗa mini inda zan aika masa da abinsa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce Rabah. Rabah! Ashe mutumin a ƙarƙashin hancina yake, aninin ne ya sha zagaye ta Sakkwato. Na ce to babu wani direba, da ƙafata zan zo, in sa masa a tafin hannu, in kuma gaya masa abin da ke raina ido da ido. Ya yi mini kwatancen gida.

Ranar Asabar da safe ina tada babur, mai ɗakina ta ce, "Ka dai bar zuciyar nan gida, ka dawo ka iske ta."

Ban bar ta ba. Duk tsawon hanya shirya maganganu nake yi. An gama yankan gero, gonaki sun zama fili, ga mutane can cikin fadama suna gyaran fangalin noman rani, amma ni ban ga kowa ba sai fuskar mutumin da ban taɓa gani ba.

Gidan yana can ƙarshen gari, irin wanda ake raba wa baƙi ɗaki-ɗaki. A ƙofar akwai rumfar kara, wata tsohuwa tana zaune a ƙarƙashi. Na yi sallama, na tambayi mai sayar da tsoffin kuɗi. Ta ce ɗanta ne, ya tafi ƙodago gonar wani, yanzu zai dawo. Ta turo mini tabarma da ƙafa. Sai da na zauna na lura da abin da ke gabanta. Kwano ne na jiƙaƙƙiyar tsamiya, da toka a ɓallin kasko, da babban gwangwani cike da tsoffin kuɗi. A gefe kuma ga faifai, an jera wasu a kai suna shan rana, kowanne yana ƙyalli. Tana gaishe ni, hannunta yana dirzar wani sule.

Gabana ya faɗi.

Ta ce, "Kai na mutumin Wurno mai anini?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Fuskarta ta washe. "To ka ga yadda na hiddo maka shi? Yaron ga da haka nan za shi aika maka, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Nic ce a'a, ba daga gidanmu ba. Mutum ya ba da kuɗinai, a kai mai dauɗa? Shina can neman direba na zauna na gyara shi, na ƙulle."

Ba ta jira amsata ba ta ci gaba. Gwangwanin na marigayi mijinta ne, wanda ya yi tireda tun kafin a canza kuɗi. Da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu can bayan Maikujera, shi ta sunkuta da tabarma ɗaya, ita kanta ba ta san dalili ba. Gona ta tafi, rumbu ya tafi. Yanzu ɗan nata yana son ya kama hayar 'yar fadama wajen Goronyo ya dasa albasa kafin lokaci ya wuce, kuma Allah ya haɗa shi da mutanen waya masu sayen waɗannan kuɗi. Shi ne take taya shi, ta wanke su duka don su yi saurin shiga. Ta ce ya ma ɓoye mata gwangwanin a cikin rufin ɗaki, wai kada ta wahala, amma ta gano wurin.

Ana haka sai ga shi, dogon mutum, shekarunsa ba za su wuce talatin ba, laka har gwiwa. Ya dube ni, ya dubi faifan nan, sai na ga kafaɗunsa sun zube. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa yana roƙona abin da bakinsa ba zai iya faɗa a gaban uwarsa ba. A nan na gane komai. Ya gwammace a kira shi maha'inci a gaban mutanen da bai sani ba da ya ce wa tsohuwar nan aikinta ɓarna ne.

Amma sulen yana hannunta, tana ta ci masa fuska da toka. Na kasa daurewa. Na ce, "Inna, don girman Allah ajiye wannan."

Ta tsaya. Na lallaɓa na yi mata bayani, cewa mu masu wannan hauka baƙin muke so, in an wanke ba ma saye da daraja.

Ta ce, "Dauɗar kuka saye?" Ta fashe da dariya har da tafa hannu. Ta juya ta ga ko ɗanta zai taya ta, sai ta ga kansa a sunkuye. Dariyar ta tsaya. Ta tsame hannunta daga kwanon, ta goge a zaninta a hankali, ta dube ni.

"Ɗana, gaya min gaskiya. Maido shi kaz zo yi?"

Ba na iya yi wa babba ƙarya. Na ce, "Da niyyar da na fito ke nan, Inna."

"In ka maido, mi za a yi mai?"

Ɗan ya ce, "Inna, bari."

Ta ce, "Ba da kai nika ba."

Na ce za a fitar da shi daga zauren, ba mai sake sayen kayansa.

Sannan ta ce, "Ni na wanke, ba shi ba. Ko ganinai bai yi ba. In kora ta, ni za a kora. Yaron ga an kore shi sau guda daga gonar ubanai, ya isa haka nan."

Kunya ta rufe ni, tausayi kuma ya cika mini ciki. Ba zan ce takaicin aninin ya gushe ba. An lalata shi, kuma har gobe in na dube shi sai na ji wani abu ya soke ni. Amma na auna, ni abin da na rasa abin ado ne na cikin akwati, su kuwa abincin shekara ne ke rataye a bakina. Na ciro ƙullin daga aljihu, na nuna mata, na mayar da shi aljihu.

Na ce, "Na riƙe, Inna. Nawa ne."

Ɗan ya ce zai rage mini wani abu daga kuɗin sannu a hankali. Na ce ya rufe wannan magana kafin raina ya sake ɓaci. Muka zazzage gwangwanin a tabarma mu biyu. Alhamdu lillahi, waɗanda tsamiya ta taɓa kaɗan ne, kuma akwai masu kyau sosai a cikin sauran. Inna ta zubar da ruwan tsamiyar a gindin rumfa tana ƙunƙuni, wai duniya ta zo ƙarshe tunda tsabta ta zama laifi. Ta kawo mini fura, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Daga ƙarƙashin rumfar nan na aika wa zaure saƙon murya. Na ce na zo na gani da idona, babu ha'inci, na riƙe kayana, kuma na tsaya wa mutumin nan. Wasu suka yi gunaguni, suka ce ni da na fi kowa zafi a kan doka. Wani ya nace sai na faɗi yadda aka yi. Na ce abin da na gani a gidan mutane ba na zaure ba ne. Shugaba ya ce an gama magana. Waɗanda aka wanke, mutumin ya ɗora su ya faɗa ƙarara cewa wankakku ne, aka saye su da araha. Sauran kuwa har rububinsu aka riƙa yi.

Da na koma gida mai ɗakina ta ga ƙullin ya dawo tare da ni. Ta ce, "Ina faɗan?" Na ce ta kawo mini ruwa.

Bayan haka ban ƙara jin ɗuriyarsa sosai ba, sai gaisuwa jefi-jefi. Ya daina ɗora kuɗi a zaure, na ɗauka gwangwanin ne ya ƙare. Can da zafi ya shigo, lokacin cirar albasa, wani direban Goronyo ya tsaya a ƙofar gidana ya dire buhu, ya ce saƙona ne. Na kwance, albasa ce manya-manya, jajaye, ƙasa duk a jikinsu. Ina tsaye ina mamaki waya ta yi ƙara. Shi ne, yana dariya, irin dariyar da ban ji daga bakinsa ba ranar da na je Rabah. Ya ce ta gonarsa ce, ta farko da ya cire, kuma Inna ta ce a faɗa mini ko ɗaya ba ta wanke ba.