Faranti Bakwai na Za'afaran

Ni dai har yau in na ga farin farantin tangaran sai dariya ta taso mini, ko a gidan mutane ne, ko ana tsakiyar maganar kirki. Maigidana ya san dalili, shi ya sa yake hararata tun kafin in fara.

A Kuala Lumpur na haifi 'yata ta fari. Muna zaune a unguwar Danau Kota, hawa na goma sha bakwai, shi yana digirinsa na uku a injiniyanci, ni ina zaman rakiya. Haihuwa ta zo da sauƙi, abin da ya biyo bayanta ne ya ƙi. Aka yi suna, aka yi arba'in, ban dawo daidai ba. Abinci ba ya shiga, kuka ba dalili, kaina ya yi sati uku ba taza. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, wanda ban faɗa wa kowa ba, shi ne in na kalli yarinyar ba na jin komai. Ina shayar da ita, ina yi mata wanka, amma kamar 'yar maƙwabta aka ba ni riƙo. Tsorona ɗaya, kada a haka zan ƙare da ita.

Hajiyarmu, mahaifiyata, tana Kano, ciwon gwiwa ya hana ta zuwa. 'Yar ɗariƙa ce ta gidi, carbi ba ya barin hannunta, kuma ba a ɓoye mata murya. Wata rana muna waya, ina ta "lafiya lau, Hajiya," sai ta katse ni.

"Muryar nan taki ba ta yi mini ba. Ba ni maigidan naki."

Ta zayyana masa aiki kamar ɗan islamiyya. A samo za'afaran na gaske da ruwan wardi, a jiƙa ya zama tawada. Ya yi alwala ya rubuta ayoyin waraka da salati a farin faranti, a wanke in sha, kullum da safe har kwana bakwai. A kuma riƙa sa mini sili biyu ko uku a madara mai ɗumi.

"Malamanmu sun ce za'afaran yana buɗe ƙirji, yana faranta zuciya, balle ta mace," in ji ta. "Amma kaɗan-kaɗan, wanda ya zarce dariya zai yi ta yi kamar taɓaɓɓe. Kuma ba kai za ka sayo ba. Ita za ta je da ƙafarta."

Na ce ban isa ba. Ta ce to ita ta isa.

Ranar Asabar aka tisa ƙeyata. Shi ya rungume yarinya, ni na biyo shi da hijabin da ko guga bai gani ba, muka hau jirgin ƙasa a Taman Melati muka nufi titin kantuna na Jalan Tuanku Abdul Rahman. Rabona da titi tun ranar da aka sallamo ni daga asibiti. Sai ga yadudduka a rataye kanti bayan kanti, ja da kore da ruwan goro, har idona ya yi yaji. A wani ɗan lungu muka samu kedai, wato ɗan kanti, na wani dattijo Ba'indiye mai sayar da turare da dabino. Ya miƙo wata babbar leda cike da jan abu, maigidana har ya fara murna wai an samu mai auki. Ni kuwa Hajiya ta riga ta koya mini. Na ce a ba ni ruwan sanyi a kofi, na jefa sili ɗaya. Nan take ruwa ya yi ja kamar zoɓo, silin ya koɗe. Na ce wannan rini ne. Dattijon ya kalle ni ta saman tabarau, ya kalli maigidana, ya ce, "Boleh, boleh," wato "to, to" da yarensu. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da wata 'yar kwalba da ba ta wuce ta kwalli ba. Wannan a hankali ya saki launinsa, rawaya mai kyau, silin yana nan da jansa. Na fito ina taƙama kamar na ci zaɓe.

Sai batun alƙalami. Ina za a ga karan dawa a garin nan? Tsinken tsiren satay muka fere. Bawan Allahn nan kuwa rabonsa da rubutun allo tun yana ɗan shekara goma, hannunsa ya saba da kwamfuta. Ya zauna a kan sallaya, harshe a waje, gumi yana ɗiga, yana jan baƙi ɗaya kamar mai ɗinkin hula. Da ya gama farantin farko ya ce shi fa ba zai iya wannan kullum kafin ya tafi makaranta ba. Hankalin injiniya ya motsa: zai rubuta bakwai ɗin gaba ɗaya ranar Lahadi a huta. Na ce Hajiya ba haka ta ce ba. Ya ce Hajiya ba ta ce kada a yi haka ba. Ya wuni yana yi. Garin kuma ga laima, rubutu ya ƙi bushewa, har ya fara nashewa. Sai ya jera su reras a kicin, gefen wurin wanke-wanke, ya kunna musu fanka.

Litinin na wanke ɗaya na sha. Ƙamshinsa kamar zuma da ciyawa, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Ya tafi makaranta, na koma na kwanta.

Muna da maƙwabciya a hawa na sha biyar, Maman Biyu, Kirista ce 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya da ta zo ƙarin karatu. Tun da na haihu take riƙe da makullinmu. Mace ce da ba ta iya ganin datti ta wuce. Cikin barci na ji ƙarar ruwa da waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Na fito ina jan ƙafa. Ga ta da kumfa har gwiwar hannu, ga faranti shida fes a kife suna ɗiga.

"Maijego, kin tashi? Wai wane irin kori kuka ci haka jiya? Sai da na sa soson ƙarfe. Kuma mijinki har da kunna wa kwanukan datti fanka."

Na tsaya. Na kalli farantan, na tuno harshen nan a waje da wunin Lahadi guda. Wani abu ya taso mini daga ciki, na zaci kuka ne. Ashe dariya ce. Na yi dariya har na zame jikin firji na zauna a ƙasa, ina nuna farantan, na kasa haɗa kalma biyu. Da ƙyar na ce mata rubutun sha ne. Ta saki soso, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni. Ai da a allo ne da baƙar tawada da na gane, a cikin Hausawa na tashi. Wa ke rubutu da miya a faranti?"

Wannan "da miya" ɗin ya ƙarasa ni. Ita tana ba da haƙuri, ni ina astagfirullah ina riƙe ciki, har ita ma ta kama, muka zube a ƙasan kicin mu biyu kamar yara. Ban san lokacin da dariyar ta juye ba. Na dai ji kaina ina cewa, "Maman Biyu, ba na jin yarinyar nan a raina. Ba na jin komai." Na jira ta ja da baya. Hannunta mai kumfa ta sa ta riƙe fuskata.

"Wannan ciwo ne, yana da suna, yana da magani. Na ga mata da yawa da shi. Gobe zan kai ki wurin likita, kuma ki ci gaba da shan rubutunki. Ni zan tsare farantan."

Da maigidana ya dawo ya ga aikinsa a kife, ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Duka shidan?" Ni da Maman Biyu muka sake fashewa. Daga ranar kullum da asuba yake rubuta ɗaya, kamar yadda aka ce masa tun farko. Likita ma na je, na yi ta zuwa wata da watanni, kuma ta ce in rage hannu da za'afaran ɗin madara tunda ina shayarwa.

Saura Hajiya. Na kira ta da la'asar ɗinmu, ina fargabar faɗan ayoyin da suka bi rariya. Ta saurara har ƙarshe, ta yi dariya har da tari, ta ce Allah ya san niyyar kowa, a yi istigfari a ba da sadaka, a kuma gaishe mata da Maman Biyu. Ganin ta sake, sai na daure na faɗa mata ɗaya maganar, wadda na faɗa a ƙasan kicin. Ina jin ƙarar carbinta.

"Na sani," ta ce. "Ke kina tsammanin a ina na san za'afaran? Da na haife ki, wata biyu ban so kallon fuskarki ba. Kakarki ce ta gane, ta sa aka yi mini. Ko babanki bai taɓa ji ba har ya koma ga Allah."

Ni da nake 'yar lelenta, wadda 'yan'uwana ke yi wa gori har gobe. Na ce, "Hajiya, ya wuce?"

"Ke ki faɗa mini," ta ce. "Je ki ɗauko mini yarinyar in ji numfashinta."

Na je na ɗauko ta, na kara mata wayar a baki.