Yadda Yaya Ta Koya Mana Nauyi

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana ɗaga marasa lafiya a asibiti. Ba nas ba ce, ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba. Aikinta ta ɗauko mutum daga gado ta ɗora a keke, ta juya wanda ya kasa juyawa, ta canza zanen gado mai gadon yana kwance a kai. Ni kuwa ƙanenta tarihi na koyar a sakandare, kuma har na yi ritaya ban ɗaga abin da ya fi rajistar aji nauyi ba. A danginmu ni ake kira mai ilimi, ita kuma ake kira in wani ya faɗi a banɗaki.

Mijinta ya yi shekara huɗu a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin ya rasu. Ɗa ɗaya suka haifa, muna ce masa Dogo, kuma a jikin mahaifinsa ta koya masa ɗaukar mutum: a lanƙwasa gwiwa, a miƙe baya, hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙarƙashin cinya. Da ya gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, sai ya shiga soja. Ni na cika masa fom da kyakkyawan rubutuna, har ina yi wa uwarsa bayanin daɗin fansho. Wannan abin yana cina har yau.

Sai rediyo ya fara maganar yaƙi da ƙasar da muke maƙwabtaka da ita. Kafin mu gama cewa ai barazana ce kawai, labari ya zo cewa rundunar su Dogo ce za ta fara tafiya bakin iyaka, ranar Laraba da safe, ta babbar ƙofar bariki.

Na kafa kwamiti, don wannan kam na iya. Muka riƙa taruwa a shagon wani tela a bayan kasuwa: iyayen sojoji, matansu, wani direban bas mai ƙane a rundunar, da telan kansa. Na naɗa kaina sakatare tun kafin wani ya riga ni. Muka amince za mu zauna a kan titi mu tare motocin, ba duka ba zagi. Daga nan muka ɓata zama uku a kan sunan kwamiti da launin ƙyallen da za a ɗaga. Ni kuma na rubuta jawabi shafi tara, na faro daga yaƙe-yaƙen da ko kakanninmu ba su gani ba.

A zama na huɗu Yaya ta zo, ta zauna kusa da ƙofa da jakarta a cinya. Ta jure shafi biyu na jawabin da nake karanta musu, sannan ta tambaye ni, in sojoji suka zo ɗauke mu daga titin, me za mu yi. Na ce za mu tsaya a kan ra'ayinmu cikin lumana. Ta ce ita ba ra'ayi take tambaya ba, jiki take tambaya.

Ta sa aka ture kekunan ɗinki gefe, ta ce in zauna a ƙasa, direba da tela su ɗauke ni. Na ƙanƙame jiki, na ɗaure fuska irin ta jarumai. Suka ɗauke ni cak kamar benci, suka dire a bakin ƙofa, mata suna dariya har da riƙe ciki. Sai ita ta zauna, 'yar matar da ba ta kai kafaɗata ba, ta saki jikinta gaba ɗaya. Suka kama hannu, kai ya langaɓe. Suka kama ƙafa, ƙugu ya zame. Sai da maza huɗu suka taru a kanta, suna haki, kafin suka matsar da ita taku uku.

"Wanda ya ƙanƙame jiki taimakon mai ɗaukarsa yake yi," in ji ta. "Ku saki komai kamar wanda ya suma. Kada ku riƙe kowa, kada ku ture kowa. 'Ya'yanmu ne."

Kwana biyar tana horar da mu a kan simintin shagon nan. Ta sa a cire tabarau da agogo da 'yan kunne. Masu hawan jini ta ware su, ta ce aikinsu riƙe ruwa da magani a gefen titi. Duk wanda aka ajiye, ya huta, ya lallaɓa ya koma wurinsa. Kowa ya iya, har wata tsohuwa mai sanda, ban da ni. Da an taɓa ni sai wuyana ya miƙe da kansa. Yaya ta ce a shekararta talatin da ɗaya a asibiti ba ta ga majinyaci mai taurin kai kamata ba.

Ranar Laraba mu tamanin da 'yan kai muka isa ƙofar bariki. Motoci sun yi layi a ciki, injina suna ruri. Na miƙe zan karanta jawabi, ban wuce gaisuwa ba wani hafsa ya ɗauki lasifika ya ba mu minti goma. Ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni, na zube a kwalta kamar wanda ya suma. Har na fara murna yau na iya darasi. Amma da sojoji biyu suka kama ni, sai na tuna jawabina, na rungume shi a ƙirji da ƙarfina duka. Ni aka fara ɗaukewa, aka jingine ni a jikin katanga, kuma ban sake samun ƙarfin halin komawa ba.

Daga nan na kalli aikin Yaya. Kowane mutum sai soja huɗu, kuma kafin su kwashe layin gaba, na baya sun koma. Babu wanda ya ɗaga hannu, babu wanda ya yi zagi. Rana ta take, sojojin ƙofa suka galabaita. Sai hafsan ya sa aka sauko da waɗanda ke cikin motocin, masu tafiyar kansu, su zo su taya kwasa. Dogo yana cikinsu.

Ya hango uwarsa, ya riga kowa isa wurinta, ya ce wa abokansa su bar masa wannan. Ya tsaya a kanta ya ce, "Mama, don Allah." Ta rufe ido, ta saki jiki yadda ta koya mana. A ruɗe ya sunkuya, ƙafafu a miƙe, baya a lanƙwashe, ya fara ja. Sai ta buɗe ido.

"Gwiwa, Dogo. Za ka ji wa bayanka."

Ya durƙusa, ya gyara hannuwa. Ina kallo hannunta ya tashi ya zagaye wuyansa, ta tattara jikinta wuri ɗaya, irin yadda ta yi shekaru tana roƙon marasa lafiya su yi mata. Ya ɗauke ta shi kaɗai ba tare da ko nishi ba. Bai yi sauri ba. Ya kawo ta inuwar katanga kusa da ni, ya ajiye a hankali, ya gyara mata ɗankwali. Ya ce, "Kawu, ka kula da ita," ya juya ya tafi.

Da aka ga an ɗauke Yaya, sai jikin mutane ya yi sanyi, ba a ƙara komawa titi ba. Motocin suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, tana bin kowacce da ido. Ƙasar wurin ta yi zafi, na shimfiɗa mata shafi taran nan ta zauna a kai. Da ta ƙarshe ta wuce, halina na gyara wa mutane kuskure ya motsa, na buɗe baki zan tuna mata cewa ita ta kafa dokar kada a riƙe kowa. Ta riga ni.

"Na sani," ta ce. "Tafiyarsa da nisa, kuma da kaya a bayansa."