Shamrao Mai Begila da Butar Hanci

Shekara ashirin da shida muka yi da Shamrao Jagtap a badujala ɗaya a garin Nashik, shi yana busa begila, ni ina dukan ganga a bayansa. Duk angon da ya hau farar goɗiya a unguwarmu, da wuya in ba mu muka raka shi gidan amarya ba. Tun ranar da na san Shamrao, tambaya ce abincinsa. Rediyon matarsa Kusum sau biyu yana kwance ta don ya ga inda murya take fitowa. A karo na biyu rediyon ba ta ƙara magana ba.

Da ya haura hamsin sai hancinsa ya toshe, mura ba ta tafiya. Ga tabar bidi da yake zuƙa tun yana saurayi. Ranar wani biki, a tsakiyar kasuwa, ya ɗaga begila zai ja doguwar busar da aka san shi da ita, sai ta tsinke a rabi, tari ya biyo baya. 'Yan rawa suka waigo. 

Kwana uku bayan haka ya same ni a shagon shayi, idonsa jawur.

"Dagdu, ka taɓa ganin mutum ya zuba ruwa ta wannan hanci ya fito ta wancan?"

"Na gani mana. Mutanen yoga, masu motsa jiki da horon numfashi a bakin kogi. Kai me ya sami idonka?"

Ashe da safe ya tsaya a matattakalar kogin Godavari yana kallonsu, ya koma gida ya ɗauki butar shayin Kusum, ya cika ta da ruwan famfo mai sanyi, ya ɗura a hanci. Ya ce ji ya yi kamar an zuba masa barkono a ƙwaƙwalwa. Wannan bai ishe shi ba. Ya ga wani tsoho yana zura zare ta hanci yana jawo shi ta baki, shi ma ya nemo zaren ɗinkin buhu. Jini ya ɓata masa riga.

"Tsohon banza," in ji Kusum da na raka shi gida. "Rediyo ka gama, yanzu kanka za ka kwance? In ya ƙi haɗuwa wa zai gyara?"

Ita ta ja shi wurin Sulabha, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke koyar da numfashi a zauren wani ɗakin ibada kusa da kogi. Kowa Tai yake ce mata, wato babbar yaya. Na bi su don in sha dariya. Tai ta leƙa hancinsa, ta ji labarin zaren, ba ta ko murmusa ba.

"Je ka ga likita tukuna. Ya duba ƙirjinka da jininka, ka dawo mini da takarda. Kafin nan kada ka sa komai a hancin nan, ko yatsa."

Likita ya ce zuciya lafiya, amma akwai hawan jini, ya ba shi magani, ya ce ya rabu da bidi. Da ciwon hancin ya warke, Tai ta miƙa masa wata 'yar buta ta tagulla mai dogon baki. Ruwan dafaffe ne da aka bari ya huce ya zama ɗumi, da gishiri daidai ɗanɗanon hawaye. Ta karkata masa kai, ta ce ya buɗe baki ya numfasa ta nan. Ruwa ya shiga ta dama, ya zubo ta hagu, siriri kamar zare.

Shamrao ya miƙe yana zare ido. "Tai, bai yi zafi ba! Me ya sa?"

"Jikinka ruwan gishiri ne. Ka kawo masa ɗan'uwansa, ba zai yi faɗa ba. Sunkuya ka fyace a hankali, kada ka bar ruwa a ciki."

Daga nan ya zama ɗan aji, kullum da hantsi kafin cin abinci. Ya so ya shiga sahun masu bugun ciki da sauri suna huci kamar zugazugin maƙeri, Tai ta hana, ta ce ba na mai hawan jini ba ne. Riƙe numfashi ma ta hana.

"Ni fa mai begila ne, Tai. Ina iya riƙe iska har ki ƙirga sittin."

"Na sani, ƙanena. Shekara talatin kana korar iska da ƙarfi. Karɓarta ce ba ka iya ba. Zauna."

Abin da ta ba shi kaɗan ne: ya toshe hanci ɗaya ya shaƙa, ya sake ta ɗayan, a hankali, ba gasa. A nan ya gano abin da ya hana mu sakat wata guda. Hancin mutum ba ya buɗewa daidai: ɗaya ya fi ɗaya, kuma bayan 'yan sa'o'i sai su yi musanya. Ya sayi ƙaramin madubi, yana kara shi a ƙasan hancinsa yana duba inda tururi ya fi yawa. Ya gwada Kusum, ya gwada ni, ya gwada mai shayi. Rannan a wurin biki na kama shi yana lallaɓa goɗiyar ango da madubin.

Tai ta gaya masa cewa magabata sun kira hancin dama rana, na hagu wata, kuma sun ce in numfashi ya yi gaggawa tunani ma gaggawa yake, in ya lafa tunani ya lafa. Sai Shamrao ya ce, "To in ina barci, wa yake numfashin? Ni dai ban sa hannu ba."

"Littattafai suna da amsoshi, zan iya karanta maka," in ji ta. "Amma in ni kake tambaya, ban sani ba. Shekara arba'in ina zaune da tambayar nan."

A hanya ya riƙa maimaita mini, yana murna kamar an ba shi kyauta: "Ka ji? Ta ce ba ta sani ba!"

Rabuwa da bidi ta ba shi wuya. Sau uku yana komawa, sau uku yana zuwa da kansa ya faɗa wa Tai. Hancin ya buɗe, sai dai da damina yakan ɗan toshe. Busarsa ba ta koma ta samartaka ba, amma ta daina tsinkewa, ya ƙara shekara bakwai a badujala kafin ya ajiye begila. Maƙwabta kan zo su ce ya koya musu butar. Sai ya nuna musu hanyar zauren Tai, wani lokaci ya raka su har ƙofa.

Bara 'yarsa ta haihu. Na je barka na tarar da shi durƙushe gaban jaririyar, yana kallon cikinta yana tashi yana sauka.

"Dagdu, zo ka gani. Da ciki take numfashi, yadda Tai ta yi wata shida tana fama da ni. Wa ya koya mata? Mu kuma a ina muka yar da shi?"

"Bar yarinya ta yi barci," in ji Kusum daga kicin. "Gobe ka kai wa Tai tambayarka, ita ta saba da kai."

Ya jawo tabarma ya gyara zama kusa da jaririyar. Shayin da aka kawo masa har ya huce bai taɓa ba.