Falwaya

Daga tagar sayar da tikiti matar da ke aiki a wurin take hango wata doguwa, don kanta ya zarce na kowa a layin tasha. Yarinya ce, da ƙyar in ta kai ashirin. Yatsunta biyu suna naɗe da filasta, ƙwallon kwando na maƙale a hammatarta, takalminta ya sha ɗinki. Da ganinta 'yar jami'a ce mai tafiya gasa. Allah kaɗai ya san sau nawa aka ce mata wannan wasan maza ne.

"Falwaya, turken lantarki!" in ji wani direba, yana dariya. "'Yata, ki riƙa rusunawa mana, kar ki kore manema."

Ba ta ko yamutsa fuska ba. Sai ta juya masa baya, ta ɗage mayafi. A rigar wasanta, saman lamba, an rubuta da manyan baƙaƙe: FALWAYA.

"Sunan da fili ke ɗauka ke nan in na zura ƙwallo, Baba."

Mai tikiti ita ma doguwa ce, tun tana budurwa take tafiya a duƙe. Ta bi yarinyar da kallo. Sannan ta miƙar da bayanta, har ya yi ƙara.