Masu Ɗebo Ruwan Masallacinmu

Rannan a gidan 'yata a Rano aka nuno wasu mutane a talabijin, 'yan wata ƙasa mai nisa, masu bin addinin Buda. Sun yi layi maza da mata suna miƙa wa juna bulo, wai wani gini mai tsini suke yi wa garinsu, ba wanda ake biya. Addininsu nasu ne, ba ruwana. Cikinsu wata tsohuwa na tsaya ina kallo, da bokiti a kanta. Na ce ko za a bar ta ta shiga in an gama? 'Yata ta yi dariya. Ni da tsufana na koyi rubutu, to bari in rubuta abin da ya hana ni dariya.

A ƙauyenmu, can bayan Nariya, kakata Iya Tasalla ce mai tatsuniya. Da an idar da isha'i take hura wuta tana toya ƙuli-ƙuli, mu jikoki mu zagaye ta, rabi don tatsuniya rabi don ɗan gutsure. Ba ta doguwar buɗewa, sai dai ta ce, "To ga ta nan, mai gyangyaɗi ya tashi ya ba ni wuri."

Akwai guda da take maimaitawa har muka haddace. Wai ƙananan halittun daji ne suka kira gayya za su gina ɗakin ibada, kowa ya samu inda zai roƙi Ubangiji. Gara ta kawo ƙasa, zanzaro ne magini. Ruwan kwaɓi kuwa kwaɗo aka ɗora wa, ga rafi da nisa, ga shi ba tulu. Da baki ya dinga ɗebowa, ya je ya dawo, har bakin ya yage. Aka yi masa alkawarin kusurwa guda. Ran da aka gama ya zo zai shiga, zanzaro ya tare ƙofa ya ce jikinsa da laima, zai ɓata musu daɓe, ya jira ya bushe tukuna. Kwaɗo kuwa in ya bushe ai ya mutu. Shi ya sa har yau yake waje yana kuka.

Mu dai dariya muke, muna wage baki muna kwaikwayon kwaɗo. Amma duk ran da za ta yi wannan, takan juya ta fuskanci zanan da ya raba mu da zaure, ta ɗaga murya. Kakanmu Malam Sule na can zaune da mutanensa. Wani sa'in ya yi gyaran murya ya ce, "Tasalla, yara dai kike wa hira ko?" Ta ce, "Da wa zan yi, Malam? Manya ai ba sa ji."

Sai da na tasa na san dalili. Masallacin ƙasa na garinmu Malam Sule ne ya kira gayyar gina shi, da rani, rijiya ta ƙafe. Mata ne suka ɗebo ruwan kowane tubali daga rafi, Iya na goye da babana. An ce musu za a ware wa tsofaffin mata gefe guda da ƙofarsu. Aka yi rufi, aka ce sai baɗi. Duk shekara kafin damina a kira gayyar yaɓe, mata su kawo ruwa, a ce sai baɗi. Ni ma na ɗauki tulun. Iya ta tsufa ta rasu ba ta taɓa ganin cikinsa ba, a ƙofarsa aka sallace ta.

Na daɗe ina zaton tausayin kwaɗon take ji. Yanzu na fi zaton haushinsa take ji, da bai ajiye ruwan ba tun ginin na buƙatarsa.

Shekarun baya aka rushe masallacin za a yi na siminti. Samari suka bi gida-gida, wai mata su taimaka da ruwan jiƙa bulo. Na ce wa babbansu, ɗan ƙawata ne, "Ɗan nan, ku fara nuna min inda ƙofar mata za ta zauna." Ya durƙusa da ladabi ya ce in sha Allahu ana gamawa za a duba. Na ce to ni ma ana gamawa zan kawo. Maƙwabta suka ce tsufa ya sa ni rowar lada, suka ɗauki bokitai suka tafi.

An gama shi, an yi fenti, ƙofar nan ba a yi ba. Ni a ɗakina nake salla, su ma da suka ɗebo a ɗakunansu suke yi. Abin da na fi su kawai, wuyana bai yi ciwo ba.